ZARE: Da keke daga Tudun Wada zuwa tarihin zinariyar Arewa 🧵

1/
Jama'a ku matso, yau zancen zinariya za mu yi, amma daga ƙofar gida za mu fara, nan Tudun Wadar Kaduna. Da a ce wata makaranta a unguwar nan za ta ɗora yaranta kan keke ta ce "mu je mu ga tarihin gwal", ina za su nufa, me za su gani? Zaren yana da tsawo, kowa ya gyara zama.

2/
Abin da ya tayar min da zancen shi ne hotunan wasu 'yan makaranta a ƙasar Niyu Zilan. A yankin Otago, wani mai suna Gabriel Read ya gano zinariya a 1861, mutane suka yi ca daga ko'ina, har daga Ostareliya da Sin. Yau tsofaffin ramukan sun mutu, amma malamai na kai yara kan keke su zagaya garuruwan masu haƙar.

3/
Suna da tsohon layin dogo da suka cire ƙarafunansa suka mayar da shi hanyar keke, kusan kilomita 150 daga Clyde zuwa Middlemarch, an buɗe shi a 2000. A garin Arrowtown kuwa bukkokin 'yan Sin masu haƙa suna nan an gyara su. Ana ba yaro kasko ya wanke yashi da hannunsa, a gaya masa wa ya yi arziki, wa ya mutu a talauce.

4/
Mu kuwa ziyarar gani da ido da muka yi a sakandare, wallahi in na tuna dariya nake. An zuba mu a bas, aka kai mu wurin shaƙatawa, muka ci shinkafa a leda, muka ɗau hoto, muka dawo. Babu wanda ya ce mana kilomita ɗari da wani abu yamma da mu akwai ramukan gwal tun kakanninmu na yara.

5/
Birnin Gwari nake nufi. Bari in faɗa tun yanzu kafin a far min a ƙasan zaren: ban ce a ɗora yara kan keke a bi hanyar Buruku ba. A kan wannan hanyar Kuriga take, inda aka kwashe 'yan makaranta ranar 7 ga Maris 2024. Duk tafiyar da zan zana a cikin garin Kaduna take.

6/
Kuma garin ya isa. Ramin yana daji, amma takardun haƙar, dokar da ta ce wa ke da gwal ɗin, layin dogon da ya kwashi kaya, masu saye, da ɗakin gwajin dutse, duk suna nan inda keke zai kai ka. Na raba tafiyar zango shida, kamar yadda fatake ke yi. Bismillah.

7/
ZANGO NA 1: ƙofar Kaduna Poly, Tudun Wada.
Makarantar ta fara a 1956 a matsayin cibiyar koyon fasaha, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968. A ciki akwai sashen da ke koyar da injiniyancin ma'adinai. Yaro nawa ne a layinmu ya san haka? Kullum muna wucewa ta bakin get ɗin, ba mu taɓa leƙawa ba.

8/
A nan malami zai jefa tambayar farko: me ya sa ake samun gwal a Birnin Gwari, ba a samu a Nguru ba? Amsar tana cikin dutse. Akwai jerin wasu tsofaffin duwatsu masu falle-falle da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, ta Anka, Maru, Zuru, Birnin Gwari, Kushaka, har Ilesha. Shekarunsu sun haura miliyan 500.

9/
A can zamanin, ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa ya bi tsagun waɗannan duwatsu, ya bar jijiyoyin farin dutsen nan da muke kira ƙanƙara. Gwal yana maƙale cikin jijiyoyin, wani lokaci ido ma ba ya ganinsa. Ruwan sama kuma ya yi ta cin dutsen shekara da shekaru, yana janye ɓurɓushin zuwa cikin rafuka.

10/
Shi ya sa haƙar gwal iri biyu ce. Akwai wankin yashi a bakin rafi, wanda ƙwarya ko daro ya isa. Akwai kuma bin jijiya cikin rami, a fasa dutse, a daka, a niƙa ya zama gari, sannan a wanke. Ku riƙe wannan na biyun da kyau, za mu dawo kansa a zango na 6. Shi ne ya kashe yara.

11/
ZANGO NA 2: Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wajen masu gwal.
A jingine kekuna, a gaida mai shago, a roƙi arziki ya nuna wa yara sikelinsa. Karat 24 shi ne tsantsa. Karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne gwal, karat 18 kashi 75. Ga darasin lissafi nan a saman kanta, babu alli babu allo.

12/
Kafin giram, da miskali kakanninmu ke awo, wato kusan giram 4.25, nauyin dinari ɗaya. Nisabin zakka dinari 20 ne, giram 85 ke nan. Diyya dinari 1,000. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari, giram ɗaya da 'yar ɗoriya. To samari kun ji, duk ranar da gwal ya motsa a kasuwar Landan, sadakinku ma ya motsa 😅

13/
Ina gwal ɗin mutanen da ya fito? Manyan wuraren haƙa na Afirka ta Yamma uku ne: Bambuk tsakanin kogin Senegal da Faleme, Bure a ƙasar Gini ta yau, sai dazukan Akan a Gana. Daga nan raƙuma ke tsallake Sahara da shi zuwa Maroko da Masar, a can a buga dinari, wani ma ya ƙarasa har Turai.

14/
Kun san labarin Mansa Musa na Mali da aikin hajjinsa na 1324. Ya raba gwal a Alƙahira har darajarsa ta faɗi. Masanin tarihi al-Umari, wanda ya bincika labarin a birnin bayan kimanin shekara 12, ya rubuta cewa har lokacin farashin bai dawo yadda yake ba. Gwal ɗin Bambuk da Bure ne ya yi wannan aika-aika.

15/
Mu ta ina muka shiga? Ta hannun Wangarawa, 'yan kasuwar Mali da suka shahara da cinikin gwal. Littafin Tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, da addini da ciniki. Littafin ya kuma ce Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, shi ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja.

16/
Wannan hanyar ta Gwanja ita ce fataken Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi, ta Yawuri, Nikki, Djougou, Yendi, har Salaga. Su tafi da kanwa, fatu da rinannun tufafin Kano a kan jakuna, su dawo da goro, wani lokaci da garin gwal. Tafiyar wata da watanni. Unguwannin Zongo na Kumasi da Accra daga kalmarmu ta zango suka samo suna.

17/
Da gwal ya iso gari, hannun maƙeran fari yake faɗawa, su da ke aikin azurfa da tagulla da zinariya, saɓanin maƙeran baƙi masu fartanya da gatari. Har gobe mata a Arewa da sarƙa da 'yan kunne suke ajiyar kuɗi. Hajiya in ta sayar da awarwaronta ta biya kuɗin makaranta, bankinta ta je.

18/
ZANGO NA 3: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, titin Yakubu Gowon.
Nan fayil-fayil ɗin lardunan Arewa suke, na Zariya, Sakkwato, Neja da sauransu: rahoton razdan, rahoton di'o, lissafin haraji, takardun haƙar ma'adinai. Yaro ya ga takardar da ta girmi kakansa, da sunan garinsu a jiki, ba zai manta ba. Gani ya kori ji.

19/
Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulkin ƙasar nan daga kamfanin Royal Niger. Aka biya kamfanin fam 865,000, aka kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Lokacin ko Kano da Sakkwato ba su ci ba, sai 1903. An raba nama tun dabbar na daji.

20/
A 1904 suka fara binciken ma'adinan Arewa, a 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, wadda daga baya hedikwatarta ta zauna a nan Kaduna. Da farko kuzan Jos ne ya ɗauke musu hankali. Gwal kuwa daga 1913 aka fara rubuta abin da ake samu, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne.

21/
Sai duniya ta juya. A 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, masana'antu suka tsaya, farashin kuza ya faɗi warwas. A 1931 ƙasashe masu kuza suka yi yarjejeniyar rage haƙa. A Jos aka rufe wurare da yawa, ƙananan Turawa masu haƙa da dubban leburori suka wayi gari babu aikin yi.

22/
Daidai lokacin gwal ya yi sama. A Satumbar 1931 Birtaniya ta raba fam ɗinta da zinariya, farashin gwal a fam ya tashi. A 1934 Shugaba Roosevelt na Amurka ya ɗaga oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35. Kuza ya faɗi, gwal ya tashi, ga mutane zaune da diga da shebur. Kun ga inda aka dosa.

23/
Aka yi tururuwa zuwa yamma: kewayen Minna, Birnin Gwari, Kontagora, Yawuri, Anka, Maru, can kudu kuma Ilesha. Tsakanin 1933 da 1943 ne haƙar gwal ta kai ƙololuwa a zamanin Turawa. Mafi yawa wankin yashin rafi ne da ƙasar saman tudu. Wasu ramukan da ake sake tonawa yau a Tsohon Birnin Gwari tun na wancan lokacin ne.

24/
Wa ke riƙe da digar? Talakawa. Manoma 'yan cin rani da ke neman kuɗin haraji, tunda Bature ya ce da tsabar kuɗi za a biya. Lasisi yawanci da sunan Bature, gumi na ɗan ƙauye. In kun buɗe fayil, sunan mai lasisi za ku gani ɓaro-ɓaro, leburori kuma adadi ne kawai a gefen takarda. A tambayi yara: su wa tarihin ya manta?

25/
Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kashe kasuwar. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Birtaniya ke samun mafi yawan kuzanta. Sai aka dawo kan Jos da ƙarfin tsiya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da ake kira ɗiban gwamna, aka kwashi kusan mutum dubu ɗari daga ƙauyukan Arewa. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa.

26/
Ma'aikata da kayan aiki suka koma kuza, wuraren gwal suka zama kufai. Bayan yaƙi ma ba su farfaɗo ba, domin farashin hukuma ya tsaya cak a dala 35 har 1971, alhali kuɗin aiki na ta hawa. A 1956 aka samu mai a Oloibiri. Daga nan kowa ya san inda idon gwamnati ya koma.

27/
Abin da ya rage shi ne rubutu. A 1957 hukumar binciken duwatsu ta buga rahoton W. Russ, mai lamba 27, kan duwatsun sassan lardunan Neja, Zariya da Sakkwato da wuraren da gwal yake. Har yau masu bincike na komawa gare shi. An kafa kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasa a 1972, ya taɓa binciken gwal, amma bai kai ga wani babban aiki ba.

28/
ZANGO NA 4: Lugard Hall.
Nan majalisar dokokin Jihar Arewa da majalisar sarakuna suka zauna, yau kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce. A tsaya daga waje a inuwa, a sha ruwa, a yi tambayar da ta fi kowacce zafi: in an samu gwal a gonar babanka, na wa ne?

29/
Dokar ma'adinai ta 1916 ta ce na Sarkin Ingila ne. Da aka sake ɗaure zancen a dokar 1945, 'yan kishin ƙasa suka tayar da ƙura. A 1946 jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana yaƙi da ita da wasu dokoki uku. A wannan rangadin Herbert Macaulay ya kwanta ciwo a Kano, ya rasu a Legas ranar 7 ga Mayu 1946.

30/
Da aka samu 'yanci, sunan mai kaya kawai aka canza. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Filin sama yana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, amma lasisin haƙa daga Abuja yake fitowa.

31/
Dokar 2007 ɗin ta ce kafin kamfani ya fara haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin. Mutum nawa a ƙauyukan da ake haƙa suka san da wannan? A raba yara gida uku, manomi, kamfani, gwamnati, a ba kowa minti biyar ya kare kansa. Za ku sha mamakin abin da 'yan aji uku za su faɗa.

32/
ZANGO NA 5: Gamji, bakin kogin Kaduna.
Akwai wata 'yar gadar ƙafa ta ƙarfe a ciki. A Zungeru aka gina ta a 1904 zamanin Lugard, aka kwanto ta zuwa nan a 1954. Hedikwatar Arewa ma daga Zungeru ta dawo Kaduna a 1917. Zungeru kuwa tana tsakiyar ƙasar gwal ɗin da muke magana a kai.

33/
Nan za a yi wankin yashi. Gwal ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. In ka juya daro a hankali, mai sauƙi ya fice, mai nauyi ya kwanta a ƙasa. A zuba 'yan ƙananan kusoshi cikin yashi a matsayin gwal. Ruwa a bokiti don Allah, kada a sa yaro cikin kogi. Sunan garin ma daga kada ya fito.

34/
Daga nan a tsallaka gada zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction. Layin dogo ya isa Kano a 1911, daga baya na gabas ya taso ta Kafanchan ya haɗe a nan. Gyaɗa, auduga, fatu, kuza, duk ta dogo suka bi zuwa teku. Aikin dogo da na ginin sabon gari suka jawo 'yan Arewa da suka cika unguwanni irin Tudun Wada.

35/
ZANGO NA 6: Barnawa, ɗakunan gwaji na hukumar binciken duwatsu ta ƙasa.
Nan ake kawo dutse a niƙa a auna me ke cikinsa. Wannan zangon shi ya fi muhimmanci, domin dutsen da ke ɗauke da gwal yakan ɗauko wani abu tare da shi, kuma ido ba ya rabewa. Mu je Zamfara.

36/
A 2009 oza ta haura dala 1,000, a Satumbar 2011 ta kai kusan 1,900. Manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma bin jijiya. Su kawo dutse gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma.

37/
Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a kwano, a tabarma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. A Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan. Gwaji ya nuna gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Bagega da maƙwabtansu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

38/
Waɗanda suka rayu, wasu sun makance, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Maganin cire dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai da aka kankare ƙasar gida-gida aka zuba sabuwa. Ga kuma zaiba da ake kama gwal da ita a ƙona, hayaƙinta ma guba ne.

39/
'Yan soshiyal midiya ku ji wannan. Bagega ta daɗe tana jiran kuɗin kankare ƙasa da aka yi alkawari. A 2012 wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka kafa Follow The Money suka ɗaga #SaveBagega. Da matsin lambarsu da na wasu ƙungiyoyi, gwamnati ta saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin, yara suka samu magani. Data ɗinku na iya yin abin kirki.

40/
Kada wani ya ce ai Zamfara ce, da nisa. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Rafi kuwa iyaka ɗaya take da Birnin Gwari. Irin dutsen ɗaya, irin aikin ɗaya, shekara biyar kacal bayan na farko.

41/
In yaro bai ɗauki komai daga duk yawon nan ba, ya ɗauki wannan ya kai gida: ba a daka dutsen gwal a cikin gida, ba a niƙa shi a injin hatsi, mai aikin rami ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki jariri. A Tudun Wada akwai gidaje da yawa da ɗansu ke wannan nema.

42/
Sannan bindiga ta shigo. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda alaƙarta da 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. A Yulin 2020 aka nuna wa Shugaba Buhari curin gwal mai kilo 12.5 na masu haƙar hannu, Babban Banki ya saya kan naira miliyan 268.

43/
Ku gwada kilo 12.5 ɗin nan da wannan: ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na gwal daga Afirka, mafi yawa zuwa Dubai. Ya fita ɗanye ta bayan gida, ya dawo sarƙa a akwatin lefe, mu saya da tsada a shagon da muka tsaya a zango na 2.

44/
Samarinmu kuma na bin sa duk inda aka ce ya fito. Tun da aka gano gwal a Djado cikin hamadar Nijar a 2014, ana ta tafiya, wasu har Mali da Aljeriya. A Nuwambar 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Issa na jihar Maraɗi, kusa da iyakarmu, aƙalla mutum 18 suka mutu. Kusan kowane layi akwai mai ɗan'uwa a can.

45/
Za ku ji ana cewa gwal ɗin Birnin Gwari ya fi na Afirka ta Kudu. A koya wa yara su tambaya: wa ya auna? Afirka ta Kudu ta fara a 1886, a 1970 kaɗai ta haƙo kusan tan 1,000. Ba a sanin yawan abin da ke ƙasa sai an huda dutse wuri-wuri an kai ɗakin gwaji. Kafin nan, zance ne.

46/
To yaya za a shirya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan takardu, Poly da ɗakin gwaji ofisoshi ne, sai da wasiƙar shugaban makaranta kuma a ranar aiki. A raba tafiyar kwana biyu, zango uku-uku. A fita da sassafe kafin rana da cunkoso. Lokacin sanyi ya fi, babu ruwan sama babu zafin bazara.

47/
Yara kada su wuce 15 a tafiya ɗaya, malami gaba malami baya, da takardar yardar iyaye. Hular kwano ga kowa. A nemi jami'an kiyaye haɗurra su tsallakar da su manyan tituna irin Ahmadu Bello Way. A tafi da mai gyaran keken unguwa da famfonsa da kayan faci, a biya shi kuɗin yininsa. Ba sai keken hawa tsauni ba, kowane mai birki ya isa.

48/
'Yan mata fa? Da su za a je. Wadda ta iya keke kuma iyayenta suka yarda ta hau, sauran su bi a mota tare da malama, a haɗu a kowane zango. Su ne za su riƙe sarƙar, su ne kuma aka bar wa turmin a Bagega. Tarihin nan ya shafe su fiye da kowa.

49/
Me ya sa keke, ba bas ba? A bas yaro barci yake ko danna waya. A keke sai ya ji nisan da ke tsakanin kasuwa da majalisa a cinyarsa, ya ga ta inda unguwar Turawa ta fara, ta inda ta leburori ta ƙare. Ga sauƙin kuɗi, yawancin gidaje ba a rasa keke ko na aro.

50/
Akwai zango na 7 da na bari a buɗe: Tsohon Birnin Gwari, da dajin Kamuku kusa da shi. A Nuwambar 2024 gwamnatin jiha ta sanar da sulhu a yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu. Allah Ya ɗorar. Ranar da malami zai kai yara can da keke su ga ramukan 1930 su dawo gida kafin magariba, ranar za mu ce lafiya ta samu.

51/
Wanda kakansa ya yi aikin gwal ko aka tafi da shi ɗiban gwamna, don Allah ya je ya tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ya rubuto mana a ƙasa: wane gari, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba. Malaman tarihi da na labarin ƙasa na Tudun Wada kuma, a tura musu zaren nan. Allah Ya jiƙan yaran Zamfara da na Shikira, Ya ba mu zaman lafiya.